Hirata da Abba kafin bakinsa ya buɗe

Alhamis, 10 ga Oktoba 2024

Yau Abba ya cika wata 9, na kai shi allurar ƙyanda da ta shawara. Bayan an ɗora shi a sikeli, matar da ke cika karnen awo, wato katin lafiyar yaro, ta ɗago kai ta ce, "In kin kira sunanshi yana waigowa?" Na sunkuyar da kai. Ta maimaita. Na ce mata ban taɓa kira ba.

Kuma gaskiya na faɗa mata. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifin maigidana ya ci, kunya biyu ke nan ta haɗu mini. Inna, uwar maigidana, Angona take ce masa. Yaran gida suna ce masa Abba. Ni kuwa daga "yaron nan" sai "ku zo ku ɗauke shi". Ina ba shi nono, ina yi masa wanka, a bayana yake wuni, amma muddin akwai ido a tsakar gida ba na kallon fuskarsa, balle wasa. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi da babban yayanmu, har yau da ya fara furfura ba ta kama sunansa.

Matar ba ta yi mini faɗa ba. Karɓarsa ta yi ta zaunar a cinya, ta dube shi ido cikin ido ta ce "ba". Sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin nauyin matan da ke layi. Can sai ya daki teburi ya ce "ba-ba-ba". Ta mayar masa. Ya ƙyalƙyale da dariya ya sake. Sau biyar suka yi, sannan ta miƙo mini shi ta ce, "Hira muka yi ke nan. Tun yana ciki yake jin muryarki, ita ya fi sani. Kada ki hana mishi ita."

A hanya na sayi littafin rubutu, sefa 200. Adaidaita zuwa da dawowa 500. Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya yi, don kada in ruɗi kaina. Inda muke yau: yana zama da kansa, ya fara jan ciki, yana gwarancin "ba-ba" da "da-da". Ba ya tafa hannu, ba ya miƙa hannu a ɗauke shi, ba ya nuna komai da yatsa.

Asabar, 12 ga Oktoba

A ɗaki na fara, labule a sake. Na zaunar da shi gabana a tabarma, sai bakina ya yi nauyi kamar wadda aka kai gaban surukai. Da ƙyar na ce "Abba", can ƙasa-ƙasa. Yana ta fama da bakin tabarma. A kira na uku ya ɗago ya tsura mini ido, ya daɗe bai ɗauke ba.

Wajen wanka ya fi sauƙi, don hannu na aiki baki na binsa: ga ƙafa, ga ciki, kawo hannu, ruwan da ɗumi ko.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na tsaya wajen masu kayan wasan yara, wata ƙaramar mota mai waƙa suka ce jika 3. Na kira Yaya, wadda ke aikin jinya a Damagaram, in ji ko ta cancanci kuɗin. Ta ce in mayar da kuɗina lalita. Ta ba ni labarin wani aiki da aka fara a 1986 a Kingston ta ƙasar Jamaika, da yara 129 da suka tsumbure, ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da hira da yaro, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya ɗara na waɗanda ba a kai wa ziyarar ba da kashi 25 cikin 100.

Na dawo na tattara ƙaramar ƙwarya, ludayi, murafan tukunya biyu, da gorar ruwa da na zuba wa wake na murɗe bakinta. Ko dala ban kashe ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mako guda na yi ina magana ba tsayawa, a zatona yawan maganar shi ne aikin. Ga akuya, ga kaza, ga buta, ce Inna, ce Baba, ce mama. Maimakon ya ƙaru, gwarancinsa raguwa ya yi. Jiya ma da na matso da fuskata kau da kai ya yi, ya ture ni da hannu, ya fara ƙananan koke-koke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ko dai na makara ne, ya riga ya saba da rashina.

Na ɗauki muryarmu a waya na tura wa Yaya. Ta saurara ta ce, "Ke kaɗai na ji. Ina tashi muryar?" Ta ce in faɗi abu guda, in rufe bakina, in ƙirga goma a zuci, idona a kansa. Duk abin da ya yi cikin goman nan, sauti ne, kallo ne, motsin hannu ne, ita ce amsarsa, ita zan ɗauka in mayar masa. In kuma daina "ce kaza, ce kaza", ba jarrabawa ake yi ba. Kau da kan ma magana ce, cewa yake ya gaji a bar shi ya huta.

Sai lugude ya faɗo mini a rai. Mata biyu a turmi ɗaya, taɓarya na sauka ɗaya na tashi. In ɗaya ta ƙi jira, taɓaren ne za su gwaru, hatsi ya watse. Ni kaɗai na yi ta kirɓa, ban bar masa turmin ba.

Da yamma na gwada. Ya buga ludayi a ƙwarya, na ce "kwas!" na kama bakina. Ina ƙirga bakwai ya sake bugawa, ya ɗago yana kallona. Na ce "kwas!" Sau tara muka yi kafin ya jefar da ludayin.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau aka koma lakkol, bayan ɗage ranar da aka yi saboda ambaliyar bana. Yaran gida huɗu duk sun fita tun da safe, gida ya yi tsit. Sai yau na gane wadda ke ta hira da Abba duk watannin nan: Ummi ce, ɗiyar wan maigidana mai shekara 7. Ba wanda ya koya mata. Takan kwanta rub da ciki daidai fuskarsa, ta rufe kanta da ɗankwali, ta yi ta jira, sai ya ja da hannunsa ta ce "ga ni!" Tana sirantar da murya, tana jan kalma tana hawa da sauka da ita. Sau nawa na ce mata ta bar shirme ta zo ta yi mini aike. Ashe irin wannan muryar ce jarirai suka fi kasa wa kunne, kuma jiran da na koya da ƙirge ita da shi ta taso.

Yanzu daga safe har azahar ba kowa sai ni da Inna, ita kuma ƙafa na damunta, ɗaki take wuni.

Talata, 5 ga Nuwamba

Maganar waya ta taso ta fuska biyu, ɗaya kuma tawa ce.

Malam, maigidana, in ya dawo daga shago bayan isha'i, shi ma a ɗaki kawai yake iya ɗaukar yaron. Yakan ɗora shi a cinya ya kunna masa zanen yara masu waƙa da Faransanci. Abba ya yi tsit, ido a kafe, ko ƙiftawa ba ya yi. Malam na jin daɗi, cewa yake zai shiga lakkol da Faransancinsa a baki. Ban so in yi masa musu da ka ba, na roƙi Yaya ta yi bayani a saƙon murya muka saurara tare. Ta ce a 2003 wata mai bincike, Patricia Kuhl, da abokan aikinta a jami'ar Washington da ke Amurka sun ɗauki jarirai ƴan wata 9 da ba sa jin komai a gida sai Ingilishi. Wasu aka haɗa su da masu jin Sinanci, suna yi musu wasa da karatu, zama 12. Wasu aka kunna musu mutanen nan dai a talabijin, magana iri ɗaya. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan Sinanci. Na gaban talabijin daidai suka fito da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Ta ƙara da cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin.

Malam ya yi shiru, can ya ce, "To ni mi zan ce mishi?" Na ce, "Malam, duk abin da ka sayar yau, ka ba shi labari." Ya yi dariya, amma ya yi. Ina ninke kaya ina jin sa yana faɗa wa yaro yadda buhun shinkafa ya hau, yaro na jan gemunsa yana "da-da".

Tawa ta fi yi mini ciwo. Ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Yau ina ba shi kunu ina amsa wa wata mai ciniki. Na ji ya ce "da", ban ɗago ba. Ya sake da ƙarfi. Ya daki gwiwata. Ko da na ɗago ya riga ya juya, yatsa a baki, yana kallon bango. Duka bai fi minti biyu ba. Daga yau lokacin kunu da wanka da nono waya na saman kwaba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yana waigowa in na kira daga bakin ƙofa. Ya fara tafa hannu, Ummi ce ta koya masa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Har yanzu hannuna rawa yake. Ina tuƙa tuwo, yana bayana a tabarma yana girgiza gorar waken nan, sai na ji ƙarar ta ɗauke. Na waiga: murfi a ƙasa, wake a warwatse, kumatunsa na motsi. Na sure shi na kifa a hannuna fuska ƙasa, biyu suka faɗo, na uku na gan shi a kan harshe na ciro. Bai shaƙe ba, Allah ya tsare. Murfin kansa ma ya isa ya toshe maƙogwaron yaro.

Ashe yaran ne ke kwancewa suna ƙara tsakuwa don ta fi ƙara, ba su murɗe da kyau ba. Ba laifinsu ba ne, ni ce na ba jariri abin da ke buɗewa. Na jefar da gorar. Na zuba gero kaɗan a ƙaramin gwangwani mai murfi, na ɗinke shi ruf cikin ƙyalle ninki biyu da keke. Na bi ɗaki da tsakar gida na kwashe duk abin da zai shige bakinsa gaba ɗaya: maɓallai, ƴan canji, gyaɗa, ƙwallon dabino.

Shirun da ya yi ne ya sa na waiga. Da wata guda baya ne, da na ce yaro ya kwanta da rigima, in ci gaba da tuƙi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Suna aka yi a maƙwabta. Abba na cinyata cikin mata, aka fara kiɗan ƙwarya, ya zabura ya ce "a-da!" ya dube ni. Bakina ya riga tunanina, na ce, "Eh Abba, ka ji kiɗa." Wurin ya ɗan yi shiru. Wata dattijuwa ta ce, "Ikon Allah, ƴan zamani. Ɗan fari ne hwa, ko kara babu." Aka yi dariya. Kunya ta rufe ni, na miƙa shi ga wata yarinya, ban ƙara duban inda yake ba har muka tashi. Ta wutsiyar ido ina ganin sa yana miƙo wuya yana nemana.

Da daddare Inna ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa, na ɗauka faɗa ne. Ta ce labari ya iske ta, kuma tun tuni take jiyo ni ta bayan labule. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a likita aka ce in riƙa yi." Ta ce, "Ɗiyata, zauna da kyau." Sai ta ba ni labarin nata ɗan farin, wan maigidana, can ƙauyensu wajen Tibiri. Ta ce ita ba ta taɓa yi masa wasa ba ko sau ɗaya. Amma gidan cike yake, daga hannun kaka sai na goggo sai na matan baffanni, wannan na masa waƙa, waccan na tsokanarsa, ana yaye shi kuma kakarsa ta ɗauke shi gaba ɗaya. "Kunyarmu ba ta bar yaro cikin shiru ba," in ji ta. "Akwai masu yi muna. Ke wa zai yi miki? Ni ƙafa ta hana, ɗiya suna lakkol."

Maganar nan ta kwance mini abin da ya ɗaure mini kai fiye da wata guda. Ni ban taɓa ganin alkunya abin yarwa ba ce, kuma ba na son in zama wadda ake nunawa a gidan biki. Amma al'adar a kan gida mai hannaye da yawa aka gina ta. Mun riƙe ɓangaren da ke rufe bakin uwa, masu yin maganar a madadinta kuwa sun watse, wasu Yamai, wasu Kano, wasu lakkol. Yaron ne ke kwana a ciki.

Mun daidaita. Cikin jama'a Inna ko Ummi su ne masu amsa masa. A ɗaki, da tsakar gida in ba baƙo, ni ce. Kullum da hantsi kuma zan shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi tsokanar angonta daga zaune.

Laraba, 4 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙura. Kwana huɗu yana mura, shekaranjiya zazzaɓi ya biyo, daren jiya kuwa ba mu runtsa ba. Yana kuka yana cusa hannu a kunnen hagu, in na kwantar da shi kukan ya ƙaru. Da asuba ya yi shiru barci ya ɗauke shi, na ce alhamdu lillahi. Gari na wayewa na ga ruwa rawaya ya bushe a wuyan rigarsa, daga kunnen yake fitowa. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga masa nono ko man ja. Ban ɗiga komai ba, na goya shi sai likita.

An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka leƙa kunne aka ce murar ce ta jawo ciwo a ciki, mugunya ta taru har ta huda fatar kunnen ta fito, shi ya sa zafin ya lafa da asuba. An rubuta amoksisilin na kwana 5 da farasitamol. Aka nuna mini yadda zan murza ƙyalle mai tsabta da laushi kamar lagwani, in sa a kunnen ya tsotse ruwan, in yi ta canzawa har ya fito a bushe, sau 3 a rana. Ban da tsinke, ban da auduga a kan ashana, kada ruwa ya shiga wajen wanka. Duba shi kyauta ne tunda bai kai shekara 5 ba, maganin kuma a farmasi na saya, 2,300. Adaidaita 500.

Na ajiye duk wani shiri. Goyo da nono kawai, ina yi masa waƙa ƙasa-ƙasa.

Litinin, 9 ga Disamba

Mun koma. Ruwan ya tsaya, zazzaɓi ya sauka, ya sha kunu. Adaidaita 500.

Talata, 17 ga Disamba

Jiki ya warware, amma ba Abban da na sani ba ne. Gwarancin ya ɗauke kusan gaba ɗaya. Ina kira daga bakin ƙofa ba ya waigowa, abin da ya iya tun farkon Nuwamba. Da can tun daga lungu yake jin babur ɗin Malam ya fara zillo. Jiya har tsakar gida aka shigo da shi, sai da ya gani da ido.

Kwana biyu ina laɓaɓawa bayansa ina tafa hannu, ina buga murfin tukunya. Wani lokaci ya waigo, wani lokaci ko gezau, kowanne kuma ya bar ni cikin ruɗu. Yaya ta ce in bari, wannan gwajin ba ya nuna komai: yana iya jin iskar tafin, yana iya ganin inuwata, kunne ɗaya mai lafiya ma ya isa ya sa shi waigowa. Ta ce bayan irin wannan ciwo ruwa kan kwanta a bayan fatar kunne na makonni, wani lokaci har wata 3. Yaro na ji, amma kamar wanda aka toshe wa kunne da yatsa. Yawanci da kansa yake janyewa. Duk da haka ta ce kada in zauna, yaron da ya iya abu ya daina kai shi ake yi a duba. Malam ya kai mu a babur yau. An leƙa, an ce hujin na rufewa, mu dawo farkon Fabrairu, in ba canji a tura mu wajen likitan kunne.

Daren jiya na yi kuka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata taran nan da kunnensa ke garau, ni kuma bakina a rufe.

Ga abin da za mu yi kafin lokacin. Rediyon Inna a kashe in ana hira da shi. In tsugunna gabansa, kusa, ta gefen dama, haske a fuskata ya ga bakina. Kowace kalma in haɗa ta da hannu: "zo" da yafuto, "babu" da buɗe tafuka, "ruwa" da ɗaga kofi ya gani.

Asabar, 21 ga Disamba

Kunu ya ƙare, ya buɗe tafukansa. Sau ɗaya ne, ƙila dace.

Asabar, 28 ga Disamba

Ladan ya kira la'asar, ya tsaya cak da ludayi a hannu ya juya wajen masallaci. Da daddare ya ji babur tun daga lungu. Gwaranci ya dawo, har da sababbi, "ga-ga" da "na-na". "Babu" ɗin ma ta tabbata, yana yi wa Inna duk sanda ta ɓoye carbinta a ƙarƙashin zani.

Juma'a, 10 ga Janairu 2025

Shekara ɗaya cif. Na buɗe shafin farko na gwada. Yanzu yana tafa hannu, yana miƙa hannu biyu a ɗauke shi, yana girgiza kai in ya ƙoshi, yana ɗaga hannun sallama amma sai mutum ya riga ya fita. In na shimfiɗa tafi na ce "ba ni", yakan sa mini ludayi sannan ya ƙwace abinsa. In aka ce "ina Inna?" yakan dubi ƙofar ɗakinta. Kalma ko ɗaya babu. Nuni da yatsa babu.

Ɗiyar maƙwabciyata, wadda ya girma da sati biyu, tana cewa "mama" da "ba ni". Uwarta ta ce mini maza dama nauyin baki gare su. Wata kuma ta ce a kai shi wajen wanzami ya duba ƙasan harshe. Ba inda za a kai shi. Yana tsotso lafiya, yana fito da harshe har ya wuce leɓe, ba abin da aska za ta gyara. Abin da aka faɗa mini a wajen awo shi na riƙe: a shekara ɗaya gwaranci ake dubawa, da alamun hannu, da ko yana gane abin da ake ce masa. In waɗannan babu, shi ne abin tashi tsaye. Kalmar farko wani kan yi ta kafin shekara, wani sai bayan wasu watanni.

Na ɗinka masa littafin ƙyalle da ragowar atamfa, shafi 4: akuya, kofi, babur, kaza. Zare da soso 400. Ya fi son tauna shi da kallo, amma in na ce "mee" a shafin akuya yakan tsaya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Da hantsi ina shanya, yana zaune a tabarmar ƙofar Inna. Tantabarun maƙwabta suka sauka a kan katanga. Na ji "a! a!" na waiga. Hannun dama a miƙe, yatsa ɗaya a tsaye sauran a dunƙule, yana nuna katanga. Sai ya juyo ya dube ni, ya koma ga tantabarun, ya sake dubana.

Dubawar nan ce ta sa na saki rigar da ke hannuna. Ba miƙa yake ba, ba kuka yake ba, ba so yake a ba shi ba. So yake in ga abin da ya gani. Na tsugunna kusa da shi, na bi yatsan da ido na ce, "Tantabara. Na gan su, Abba. Tantabara." Na yi shiru. Ya ce "a!" Suka tashi fir, ya bi su da kallo, ya buɗe tafukansa.

A gaban Inna aka yi, ga matar wan maigidana tana wanke-wanke. Da ƙarfi na kira shi ban ma sani ba. Ba wadda ta ce uffan a kai. Inna cewa kawai ta yi, "Angona, ka kore mini baƙi."

Yaya ta ce nuni iri biyu ne, na "ba ni" da na "duba", na biyun kuma shi ma'aikatan lafiya suka fi sa wa ido, don a kansa kalmomi ke hawa. Yaro ya nuna, babba ya ba abin suna daidai lokacin da hankalinsa ke kai. Ke nan aikina ya sauya. Ba ni zan riƙa zaɓar abin da za a yi hira a kai ba, yatsansa zan bi.

Litinin, 27 ga Janairu

Nuni ba ya ƙarewa: buta, fanka, kaza, wata da daddare. Da yamma na zagaya da shi lungu a kafaɗa maimakon a baya. Goyo na da daɗi, hannu na sakewa a yi aiki, amma a baya ba na ganin inda yake nunawa, shi ma ba ya ganin bakina. Ko sau nawa ya nuna mini abu ta bayan ƙeyata, Allah ne masani.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An duba kunne. Hujin ya rufe, da sauran ɗan ruwa a hagu, mu dawo bayan wata guda. Adaidaita 500.

Kwana biyar a jere in ya ga akuya sai ya ce "mee". Ya ce wa tunkiya, ya ce wa jakin mai amalanke. Na tarar da matar nan ta Oktoba na tambaye ta ko wannan kalma ce. Ta ce in da kansa yake faɗa, kullum kuma ga abu iri ɗaya, kalma ce, in rubuta ta. In ya ce wa jaki "mee" kada in ce a'a, in ce "eh, jaki ne, jaki". Ta tambaye ni ko yanzu ina kira. Na ce ina kira.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na haɗa kuɗin da ya fita tun Oktoba: 4,900, jika biyar ba dala ashirin. A ciki 3,800 ciwon kunne ne ya ci.

Azumi saura mako biyu. Aikin murhu zai ƙaru, cinikin atamfar Sallah zai taso, waya ba za ta huta ba, kuma na san a nan ne zan iya komawa gidan jiya. Don haka na tsara tun yanzu. Amsa wa masu ciniki sai yana barcin rana ko bayan isha'i. Lokacin girkin buɗa-baki Ummi ta riga ta dawo, ita da Inna za su riƙe shi nesa da murhu. Malam ya karɓi bayan asham in yaron bai yi barci ba.

Sabon abu biyu zan ƙara. In ya ce "mee" in ɗora masa kaɗan a kai, "akuya na ci", "akuya ta tafi". In kuma daina miƙa masa abu tun bai nema ba, in ɗaga biyu in tambaya in jira. Littafin ƙyalle zai sami shafi biyu, tantabara da jaki. Komawa likita 6 ga Maris.

Na gwada zaɓin ɗazu. Kofi a hannun dama, ayaba a hagu, na ce, "Ruwa ko ayaba?" Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ina ƙirga takwas ya nuna ayaba. Na ɓare na ba shi, yana ci ya nuna kofin ma.